Me ke sa mai laifi ya ajiye makamai?

A shekarun 1940 wani malamin Jami'ar Harvard, Sheldon Glueck, da matarsa Eleanor suka tattara bayanan kangararrun yara maza 500 na birnin Boston a Amurka, dukkansu sun sha zaman gidan horon yara. Takardun suka daɗe a jibge suna shan ƙura, har masu bincike John Laub da Robert Sampson suka tono su, suka bi sawun yaran nan lokacin da suka doshi shekara 70, suka zauna da 52 daga cikinsu.

Kusan kowa ya daina aikata laifi, har waɗanda aka yanke wa ƙauna tun suna ƙanana. Laifi abokin ƙuruciya ne: yakan yi tashe daga balaga zuwa farkon shekaru ashirin, sannan ya riƙa ja da baya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda suka riga sauran tuba. Galibinsu aure suka yi, ko suka samu aiki tsayayye, ko suka shiga soja. Matar kirki tana raba mutum da majalisar banza, tana tambayarsa inda ya kwana. Ubangida yana jiransa ƙarfe bakwai na safe. A hankali sai ya ga ya tara abin da yake tsoron rasawa.

Kurkuku kuwa waɗannan igiyoyin yake tsinkewa. Aiki ya tafi, aure ya yi rauni, mutum ya fito da tabon da ke toshe masa ƙofar kowane shago. A Amurka, cikin fursunonin da jihohi 30 suka saki a 2005, kusan biyu bisa uku an sake kama su cikin shekara uku.

Ban ce a buɗe gidajen yari ba. Akwai wanda tsare shi rahama ce ga jama'a. Damuwata tana kan namu. A 2019 Najeriya ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, amma mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke, alƙali bai ma same su da laifi ba. Yaron da aka kama da satar waya yana kwana ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi.

Mai gareji, mai shagon ɗinki, idan irin wannan yaro ya fito ya zo neman koyon sana'a, ka daure ka karɓe shi.