Ƙurar Bauchi Na Rage Wa'adin Juyen Mai A Motocin Tsere

BAUCHI: Attajiran da ke shigo da motoci masu ƙarfin inji irin su Porsche suna bukatar sake duba wa'adin da kamfani ya ɗiba na kai mota sabis.

A ƙa'ida, ana juyen baƙin mai duk bayan kimanin kilomita 15,000 ko shekara guda, man birki kuwa duk shekara biyu. To amma motar da ke kai da komo a cunkoson Ƙofar Ran, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, ta faɗa rukunin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani. Hikima ita ce a raba wa'adin juyen biyu, a kuma riƙa duba matatar iska tun daga watan Nuwamba, saboda ƙurar da ta sami shiga inji tana cinye shi sannu a hankali.

Lissafin a fili yake. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyaran da ake odarsu daga waje suka yi tashin gwauron zabo, kuma kuɗin juye bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na injin da ya buga.