Fashin Baƙi: Yadda ɗan jarida zai zaɓi jakar kyamara mai taya kafin ya hau jirgin sama

A gindin matakalar wani ƙaramin jirgi na koyi darasin da ba a koya mana a tsangayar aikin jarida ba. Ina dawowa daga wani bincike na kwana tara, jakata mai taya ɗauke da kyamara, gilasai biyu, na'urar naɗar murya da hirarrakin mutanen da suka yarda suka yi magana bayan dogon lallashi. Ma'aikacin jirgin ya dubi jakar, ya girgiza kai, ya ce ba za ta shiga ma'ajiyar saman kujera ba, sai dai a sa ta a rumbun kaya. Mutane na bayana suna jira, injin yana ruri, babu lokacin gardama. Na miƙa ta, na yi tafiyar sa'a guda zuciyata tana ƙasan jirgi. Da muka sauka, gilashi ɗaya ya tsage. Hirarrakin sun tsira ne kawai don Allah ya kiyaye.

Ga wanda yake ɗaukar hoto don nishaɗi, wannan asarar kuɗi ce. Ga ɗan jarida, mai sa ido a zaɓe ko matashin da ke tattara shaidar aikin gwamnati da aka yi watsi da shi, abin ya wuce kuɗi. A cikin jakar akwai hujja, akwai kuma fuskoki da muryoyin mutanen da aka yi wa alkawarin sakaya sunansu. Saboda haka zaɓen jaka ba batun ado ba ne, kuma ga abubuwan da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi.

Girma: a auna da taya da mariƙi

Babu doka guda da ta ɗaure dukkan kamfanonin jiragen sama kan girman jakar hannu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana ba da ma'aunin santimita 56 a tsawo, 45 a faɗi, 25 a kauri a matsayin jagora, amma kowane kamfani yana da ikon yanke nasa. Manyan kamfanonin Amurka, alal misali, sun tsaya a kan kusan 56 da 36 da 23. A shekarar 2015 IATA ta yi yunƙurin kawo ƙaramin ma'auni na 55 da 35 da 20, sai dai suka da ta biyo baya ta sa aka dakatar da shirin cikin 'yan kwanaki.

Abin lura shi ne, ma'aunin ya haɗa da tayoyi, mariƙi da aljihunan waje. Masu sayarwa kan rubuta girman cikin jaka, wanda ba shi ne ma'aikacin filin jirgi zai duba ba. A je kasuwa da tef ɗin awo irin na tela, a auna daga ƙasan taya zuwa saman mariƙi. Jakar da ba ta wuce 55 da 35 da 23 ba za ta samu karɓuwa a mafi yawan manyan jirage.

Sai dai ba duk tafiya ake yi a babban jirgi ba. A hanyoyin cikin gida na Najeriya ana yawan amfani da ƙananan jirage irin su Embraer 145, CRJ da ATR. Ma'ajiyar saman kujera a cikinsu ƙarama ce, musamman a Embraer 145 mai kujeru 50, wanda ma'ajiyarsa a gefe ɗaya kawai take. A irin waɗannan jirage, jakar da ta cika ƙa'ida ma ana iya karɓe ta a bakin matakala. Wanda zai tashi daga Abuja zuwa wani gari da ba shi da yawan fasinja ya duba irin jirgin da aka rubuta lokacin sayen tikiti.

Nauyi: jakar kanta ce ke cinye rabon

A nan ne mafi yawan masu saye suke tafka kuskure. Emirates, Qatar Airways da Ethiopian Airlines suna ba fasinjan ƙaramin aji kilo 7 na kayan hannu. Turkish Airlines da Lufthansa suna ba da kilo 8. To, jakar kyamara mai taya da ba a sa komai a cikinta ba takan kai kilo 4 zuwa 5. Akwatin Pelican 1510, wanda masu ɗaukar hoto suka yarda da ƙarfinsa, ya haura kilo 6 idan an haɗa da soson cikinsa.

A yi lissafi. Kyamara guda takan kusan kai kilo ɗaya da batirinta. Babban gilashin da ke jawo nesa kusa yakan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙara wani kilo ɗaya da rabi ko biyu. Kafin a sa caja da makirufo, an riga an wuce kilo 7. Wani lokaci ma'aikaci ya kau da kai, wani lokaci ya ɗora jakar a sikeli. Ba a gina tsarin aiki a kan sa'a.

Mafita ita ce a raba kaya. Kamfanoni da yawa suna barin fasinja ya riƙe ƙaramar jaka ban da babbar, ko da yake wasu suna haɗa nauyin duka biyun, don haka a karanta sharuɗɗan tikiti. Kyamara ɗaya a rataye a wuya, batura a aljihun riga, ƙafar kyamara da wayoyin caji a cikin akwatin tufafi da za a auna. Sikelin hannu na 'yan kuɗi kaɗan yana raba mutum da gardama a gaban kanta.

Batura: dokar da ba ta da sassauci

Batiran lithium da ba sa jikin na'ura, har da fawa bank, haramun ne a sa su a kayan da za su shiga rumbu. Dalilin a fili yake: idan batiri ya kama da wuta a tsakiyar fasinjoji, ma'aikata za su gani su kashe, amma a rumbu babu mai isa gare shi. A watan Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, masu bincike kuma suka karkata ga fawa bank da ke ma'ajiyar saman kujera. Tun daga nan kamfanoni da dama suka tsaurara, wasu har sun hana amfani da fawa bank a lokacin tafiya.

Ana auna ƙarfin batiri da Wh, kuma yawanci a rubuce yake a jikinsa. Wanda bai wuce 100 ba ana shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma biyu kawai. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Batirin kyamarar ɗaukar hoto yana wajen 16, fawa bank mai 20,000mAh kuwa yana wajen 74. Shi ya sa masu ƙera manyan batiran bidiyo suke tsayar da su a 95 ko 98. A rufe bakin kowane batiri da murfinsa ko da salatif, don kada ya taɓa makulli ko tsabar kuɗi.

Alaƙar wannan da zaɓen jaka ita ce: ranar da aka ce a miƙa jakar a bakin matakala, dole a cire batura nan take. Jaka mai kyau ita ce wadda za a iya kwashe muhimman abubuwa daga cikinta cikin minti ɗaya. A nemi mai ɗan akwatin ciki da ake zarewa gaba ɗaya, ko a naɗe wata jakar yadi marar nauyi a ajiye a aljihun gaba don irin wannan rana.

Mai tauri ko mai laushi, taya biyu ko huɗu

Akwatin roba mai tauri yana jure jifa da danniya, yana kuma hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. Illarsa nauyi, da kuma yadda yake shelanta cewa akwai kaya masu tsada a ciki. Jakar yadi mai soso ta fi sauƙi, tana da aljihun kwamfuta, ba ta jan ido, amma ba a yi ta don a ɗora mata akwatuna goma ba. Wanda yawancin tafiyarsa a ƙananan jirage take ya fi buƙatar mai tauri. Wanda yake bin manyan jirage zuwa ƙasashen waje, inda sikeli ne babbar matsala, mai laushi ta fi masa.

Kada a ɗauka cewa jakar hannu ba za ta taɓa shiga rumbu ba. A watan Maris na 2017 Amurka ta hana fasinjojin da ke tahowa daga filayen jirage 10, ciki har da Alƙahira, Istanbul, Dubai da Doha, shiga da na'urorin da suka fi wayar salula girma, kyamara na ciki. An ɗage haramcin a watan Yuli na wannan shekarar, amma ya nuna cewa doka tana iya sauyawa a dare ɗaya.

Taya huɗu masu juyawa suna da daɗi a kan daɓen filin jirgi mai santsi, sai dai suna fitowa waje, su ci santimitoci daga ma'auni, kuma su ne farkon abin da ke karyewa a kan tsakuwa. Aikin ɗan jarida ba a filin jirgi yake ƙarewa ba. Akwai tasha, akwai bayan a-daidaita-sahu, akwai hanyar ƙauye mai rairayi. Taya biyu manya da aka ɗaure da sukurori, waɗanda za a iya kwancewa a sauya, sun fi daɗewa. Idan jakar tana da igiyoyin goyo a ɓoye a bayanta, hakan ƙari ne a inda taya ba ta tafiya.

Idan ta lalace, wa zai biya?

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ƙayyade diyyar kaya a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Daga 28 ga Disamba 2024 iyakar ta koma 1,519 a ma'aunin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato kimanin dala 2,000 ga fasinja ɗaya. Wannan ita ce ƙololuwa, ba abin da ake ba kowa ba ne, kuma kyamarar ƙwararru guda da gilashinta tana iya wuce wannan kuɗi. Fasinja yana iya bayyana darajar kayansa a lokacin aunawa ya biya ƙari don a ɗaga iyakar.

Wanda kayansa suka lalace yana da kwana 7 ya kai ƙorafi a rubuce, wanda aka jinkirta wa kaya kuma yana da kwana 21. Abin da ya fi shi ne a cike takardar rahoto kafin a fita daga zauren ɗaukar kaya, a ɗauki hoton ɓarnar, a riƙe tikitin kayan. Idan kamfani ya yi biris, hukumar NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja. Jerin lambobin da ke jikin kowace na'ura tare da rasit suna taimakawa a nan, suna kuma taimakawa a gaban jami'an kwastam. Mai ɗauke da ƙaramin jirgi marar matuƙi ya sani cewa sarrafa shi a Najeriya yana buƙatar izinin NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Abin da bai kamata ya zauna a jaka ba

Kwaɗon TSA da ke jikin jakunkuna da yawa an yi shi ne don jami'an tsaron Amurka su buɗe da makullinsu. A shekarar 2015 hotunan makullan suka bazu a intanet, mutane suka ƙera irinsu. Kwaɗo yana hana ɗan hali mai gaggawa ne, ba ya hana wanda ya ƙudura aniya.

Mafi yawan kyamarori kuma ba sa kulle abin da suka ɗauka. A Disambar 2016 masu shirya fina-finan gaskiya da masu ɗaukar hoton jarida sama da 150 suka rubuta wa Canon, Nikon, Sony da wasu kamfanoni, ta hannun gidauniyar Freedom of the Press, suna neman a sanya tsarin kulle bayanai a kyamara. Duk wanda ya sami katin memori zai ga komai. Don haka kafin a nufi filin jirgi a kwafe aikin zuwa na'urar ajiya da aka kulle da kalmar sirri, a tura wani kwafin ga edita, katin kuma ya zauna a aljihun ƙirji, ba a jaka ba.

Kafin a biya

A ɗauki kayan aikin gaba ɗaya a je da su shago. A jera su a ciki, a rufe zif, a auna girma da nauyi. A ja jakar a kan ƙasa marar daɓe, a ɗaga ta sama da kai kamar za a sa a ma'ajiya. A gwada cire kyamara, batura da kwamfuta a tsaye, ba tare da an shimfiɗa ta a ƙasa ba. Jakar gwanjo mai ƙarfin taya da zif ta fi sabuwa ta jabu, kuma a wannan zamani na tsadar dala, ba a sake sayen gilashin da ya fashe cikin sauƙi. Tun daga ranar da na miƙa jakata a gindin matakala, ban sake hawa jirgi ba sai katin memori yana aljihuna, jakar yadi kuma tana naɗe a inda hannuna zai kai.