Tantance ma'aikata da na'ura: Me malamin Doguwa zai ƙaru da shi?

Duk lokacin da aka sanar da tantance ma'aikata a Jihar Kano, wanda ke aiki a cikin birni lissafin kuɗin Adaidaita Sahu kawai yake yi. Malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti da ke Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa kuwa, idan aka ce sai an zo birni, sai ya yi sammako ya ratsa Dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora ta Ƙaramar Hukumar Kiru, sannan ya hau titin Zariya zuwa Kano. Idan layi ya yi tsawo ko an ce na'ura ta tsaya, kwana ya kama shi. A ranar aji ba malami, asibiti ba mai karɓar marasa lafiya.

Wannan tafiya ita ce ma'aunin da ya kamata a auna fasahar kula da ma'aikata da shi. Idan kwamfuta ta shigo amma tafiyar tana nan, to ma'aikacin bai ga amfaninta ba tukuna.

Mece ce fasahar kula da ma'aikata?

A taƙaice, mayar da fayil ɗin ma'aikaci ne daga kabad zuwa rumbun kwamfuta. A ciki ake adana ranar da aka ɗauke shi aiki, da matakin albashinsa, da takardun karatunsa, da ƙarin girman da ya samu, da hutun da ya ɗauka, da abin da ake cire masa na haraji da fansho da ƙungiyar ƙwadago. Ana haɗa bayanan da hoton yatsu da na fuska, da lambar BVN ta banki da lambar NIN ta ɗan ƙasa, domin a tabbatar mutum ɗaya ne ke karɓar albashi ɗaya.

Gwamnatin Tarayya ta fara wannan tafiya a 2007 da tsarin IPPIS, wanda ke ƙarƙashin Ofishin Akanta-Janar na Ƙasa. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014, kuma shekara biyu bayan haka Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashin tarayya, abin da ta ce ya rage kashe sama da Naira biliyan 2 a kowane wata. Jihohi da dama, har da Kano, sun riƙa gudanar da tasu tantancewar da wannan manufa.

Ba a musun amfanin hakan. Kuɗin da ma'aikacin bogi ke kwashewa shi ne wanda ya kamata a ɗauki sabon malami da shi. Sai dai tun da fari an gina tsarin ne domin gwamnati ta kama mai cuta, ba a tsaya sosai a kan abin da mai gaskiya ke buƙata ba.

Inda gizo ke saƙar

Na'ura ba ta san uzuri ba. Mutumin da takardar firamarensa ta ce Muhammadu, ta banki ta ce Mohammed, ta NIN kuma ta ce Muhammad, a wurinta mutum uku ne. Haka wanda ke amfani da sunan garinsu a wata takarda, kamar Kiru ko Bebeji, a wata kuma sunan mahaifinsa. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikata ba a yi musu takardar haihuwa ba, takardar rantsuwa ta kotu suka gabatar, kuma shekarar da ke jikinta ba lallai ta dace da ta banki ba. Akwai kuma wanda noma ya cinye masa zanen yatsu, na'urar ta ƙi karanta su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a dakatar da albashi. Wanda abin ya shafa kuma ba ya sani sai ƙarshen wata, lokacin da abokan aikinsa suka ga alat shi bai gani ba.

Asarar ba ta tsaya a gidan ma'aikacin ba. A garuruwa irin su Tudun Wada da Kiru, mai kanti da mai sayar da hatsi da mai kemis suna bai wa ma'aikata kaya bashi ne da sa ran ƙarshen wata. Shi ma ɗan kasuwar bashi ya ɗauko a Singa ko Dawanau. Albashi ɗaya da ya maƙale yana iya tsayar da cinikin mutum uku.

Rikicin IPPIS da malaman jami'a darasi ne. Ƙungiyar ASUU ta daɗe tana ƙorafin cewa tsarin bai yi la'akari da yanayin aikinsu ba, har ta fito da nata mai suna UTAS, kuma a watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Ƙasa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. A Kano ma, ƙorafin yanke albashi a farkon 2025 ya kai ga Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa kwamitin bincike. Tsarin da ma'aikaci ba ya iya leƙa cikinsa yana haifar da zargi ko da kuskuren na lissafi ne.

Abin da ma'aikaci ke buƙata

Na farko shi ne takardar albashi. Ya kamata kowane wata ma'aikaci ya samu saƙo a wayarsa da ke nuna jimillar albashinsa, da abin da aka cire, da dalilin cirewar. Tun da Kano ta amince da Naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Oktoban 2024, wannan takarda ce za ta nuna wa ƙaramin ma'aikaci ko ƙarin ya shigo masa daidai.

Na biyu, damar duba fayil da neman gyara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta bai wa kowane ɗan Najeriya 'yancin sanin bayanan da aka adana a kansa da neman a gyara kuskure. Ma'aikacin gwamnati ba a ware shi ba.

Na uku, a kai na'urar inda mutane suke. Ya fi sauƙi jami'i biyu su ɗauki kwamfuta da batirin sola su zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kan a kwaso ɗaruruwan malamai zuwa birni. Saboda sabis yana rauni a ƙauyuka da dama, dole tsarin ya iya ɗaukar bayanai ba tare da intanet ba, ya tura su daga baya. Haka kuma ya yi aiki da ƙaramar waya, kamar yadda ake danna *565*0# a ga BVN ko *346# a ga NIN, kuma a samu zaɓin Hausa.

Na huɗu, lambar bibiyar ƙorafi. Wanda ya nemi ƙarin girma ko sauyin wurin aiki ya san teburin da takardarsa ta kai da kwanakin da ta yi a kai. Wannan ne ke rage "ka dawo gobe" da neman na goro.

Na biyar, ritaya. Kwamfuta ta san ranar da ma'aikaci zai cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Babu dalilin da zai sa a jira sai ya ajiye aiki kafin a fara neman fayil ɗinsa domin tura wa Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta jihar.

Gargaɗi da shiri

Na'ura ba ta hana cuta idan mai riƙe da makullinta ba ya tsoron bincike. Wajibi ne duk gyaran da aka yi a jerin albashi ya bar shaidar wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, kuma a samu ofishin ɗaukaka ƙara da mutum ke zaune a ciki, kafin a dakatar da albashin kowa. Batun ya ƙara muhimmanci bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, domin kowace daga cikin 44 ɗin da ke Kano tana buƙatar sahihin jerin ma'aikatanta.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa aikin. Ya duba tun yanzu ko sunansa da ranar haihuwarsa sun dace a banki da NIN da fayil ɗin ofis, ya gyara saɓanin kafin a kira tantancewa. Ya adana hoton takardar ɗaukarsa aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe. Kuma kada ya bai wa kowa lambar sirrin katinsa ko lambar da banki ke turowa, domin babu tantancewar gaskiya da ke neman su.