Shirin Musamman: Gudu a Lungunan Guangzhou

Yau shirin namu ya yada zango a Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, birnin da 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi ke zuwa sarin kaya a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli.

Tun ranar 1 ga Janairun 2007 hukumomin birnin suka hana babura shiga tsakiyar gari, shekara shida kafin Kano ta hana acaɓa. Sai dai kekunan lantarki sun maye gurbinsu. Da aka fara yi musu rajista a 2021, ba a daɗe ba adadinsu ya haura miliyan biyar. Shi keken nan ba ya ƙara. Kana tafe a lungu da jakar kaya a kafaɗa, ba za ka ji komai ba sai ɗan kai abinci na kamfanin Meituan, sanye da rawayar riga, ya gifta ta gefenka, ido na kan waya, don manhaja na ƙirga masa mintoci.

Doka kam akwai ta. Ƙa'idar ƙasa ta 2019 ta ce kada a ƙera keken da zai wuce kilomita 25 a awa, dokar hanya kuwa ta ce a layin kekuna iyakarsa 15. Masu mota ma an umarce su da su tafi sannu a unguwannin zama, su ba mai ƙafa hanya. To amma allo ba ya riƙe birki, balle ga wanda makara ke rage masa kuɗin yini.

Ku biyo ni unguwar Liuyun a gundumar Tianhe, wadda ta samo sunanta daga gasar wasannin ƙasa karo na shida da aka yi a 1987. Da can gidaje ne zalla. Sannu a hankali benayen ƙasa suka koma shaguna da wuraren shan shayi, aka gyara lungunan gabanin gasar Asiya ta 2010, aka tare wa motoci hanya, aka shimfiɗa daɓe ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Tsofaffi na zaune, yara na wasa. A ganina wannan ya fi tara aiki, domin direba ba ya gudu a inda hanya ba ta ba shi fili ba.

Turakun da ke tsayar da mota dai keken lantarki na ratsa tsakaninsu. Shi ya sa dokar da birnin ya fara aiki da ita a Disamban 2024 ta waiwayi kamfanonin da kansu, ta ce su sassauta wa'adin da suke ɗora wa masu kai saƙo.