Janareta Bijimi Ne, a Waje Ake Ɗaure Shi

'Yan'uwa fatake, ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulki, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. A tsakanin nan da yawanmu muka sayi janareta, wanda wasunmu ke kira gurup. To, injin nan yana da amfani, amma fa yana kisa.

Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, in barci yake yi kuwa, sai dai a tarar da gawa. Tsoron ɓarawo ne ke sa mu shigar da shi zaure ko ɗaki da dare. Wa ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da bijimi don gudun sata? A kafa masa turke a tsakar gida, a ɗaure shi da sarƙa, kamar mita 6 daga ƙofa da taga.

Kada a zuba masa fetur sai an kashe shi ya huce. Kada a jona shi da wayar gida sai mai gyaran wuta ya sa makunnin sauya layi, don wutarsa na iya komawa babban layi ta kama ma'aikaci a kan falwaya.

Mukan yi mako biyu ko uku a hanyar kudu da shanu, iyali ne ke tayar da injin. Kafin mu ɗora kaya, mu koya wa uwargida da manyan yara waɗannan ka'idoji. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.