3.4 Zaɓen Sirinji Domin Daidaita Awon Allurar Testostaron

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda majinyacin da likita ya ɗora a kan allurar testostaron zai zaɓi sirinjin da ya dace, idan an amince masa ya riƙa yi wa kansa a gida. Testostaron sinadari ne da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda masana suka fara ware shi a shekarar 1935. Akan rubuta shi ga namijin da gwajin jini ya tabbatar jikinsa ba ya samar da isasshe.

3.4.1 Ƙarfin Magani da Awonsa

Likita yakan rubuta magani da miligiram, shi kuwa sirinji da mililita yake awo. Saboda haka, wajibi ne majinyaci ya fara karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Alal misali, idan mililita 1 tana ɗauke da miligiram 200, aka kuma rubuta masa miligiram 50 a mako, to mililita 0.25 zai zuƙa. Amma idan kwalbar mai miligiram 250 ce, kamar Sustanon 250, wannan awon zai ba shi miligiram 62.5. Ke nan awo ɗaya ba ya nufin magani ɗaya.

3.4.2 Girman Sirinji

Sirinji mai cin mililita 3 yawanci tazarar mililita 0.1 ce tsakanin zanensa, alhali mai cin mililita 1 tazararsa 0.01 ce. A misalin da ya gabata, 0.25 ba ta da zane a babban sirinji, sai dai a kintata tsakanin 0.2 da 0.3. Kuskuren mililita 0.05 a nan daidai yake da miligiram 10, wato kashi 20 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Don haka, duk awon da bai kai mililita 1 ba, ƙaramin sirinji ya fi dacewa da shi. Shi kuwa sirinjin masu ciwon sukari, yawanci lamba 100 ce ke daidai da mililita 1, kuma lambobinsa ba miligiram ba ne.

3.4.3 Tsinken Allura

A cikin mai ake narka wannan magani, kamar man angurya ko na riɗi ko na gyaɗa, shi ya sa yake da kauri. Lambar tsinke kuwa, gwargwadon girmanta gwargwadon sirantarsa. Akan zuƙi magani da mai lamba 18 zuwa 21, a yi allurar tsoka da mai lamba 22 zuwa 25 wanda tsawonsa ya kai inci 1 zuwa 1.5. Allurar ƙarƙashin fata kuwa gajere ake sa mata, mai lamba 25 zuwa 27. Sirinjin da ake murɗa masa tsinke ya fi wanda ake cusawa, domin matsin mai kan iya fizge na cusawa.

Bugu da ƙari, idan aka sauya tsinke bayan an zuƙa, sabon fanko ne, sai ya cika kafin magani ya shiga jiki. Dabarar ita ce a zuƙi ɗan ƙari, a sauya, a ɗaga tsinin sama, a fitar da iska, sannan a tsayar da bakin baƙar robar a kan zanen da ake so.

3.4.4 Illar Kuskuren Awo

Idan magani ya gaza, kasala da raunin sha'awa sukan dawo. Idan ya yi yawa, jajayen ƙwayoyin jini sukan ƙaru har jini ya yi kauri, kuma likitoci kan dakatar da shi idan ƙwayoyin suka haura kashi 54 cikin ɗari na jini. Haka kuma awon da ke sauyawa mako-mako yakan rikita sakamakon gwaji, har likita ya ƙara ko ya rage bisa kuskure.

A taƙaice, majinyaci ya tsaya a kan sirinji iri ɗaya, ya sa ma'aikacin jinya ya nuna masa zanen, kuma kada ya yi amfani da sirinji ko tsinke fiye da sau ɗaya.