Neman Kuskure da Gyara Shi a Manhajar Ɗan Koyo

Manhajar kwamfuta jerin umarni ce da mutum ke rubuta wa na'ura, layi bayan layi, cikin wani harshe da aka ƙirƙira don wannan aiki. Ɗaya daga cikin harsunan da 'yan koyo suka fi farawa da su shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991. Da wuya ɗan koyo ya rubuta layi ashirin ba tare da kuskure ba, ƙwararru ma ba su tsira ba. A Turance, kalmar da ake kiran irin wannan kuskure da ita tana nufin ƙwaro. Injiniyoyi sun daɗe suna amfani da ita, amma a shekarar 1947 sai ga ƙwaro na gaske, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale cikin na'urar Mark II a Jami'ar Harvard. Ma'aikata suka ciro shi suka manna shi a littafin aikinsu. Grace Hopper, wadda ta yi aiki da na'urar, ita ce ta yaɗa labarin.

Kuskure mafi sauƙin kamawa shi ne na nahawu. Harshen Python yana da ƙa'idojin rubutu kamar kowane harshe, sai dai shi ba ya yafiya. Mutum zai fahimci wasiƙa ko da an manta da waƙafi, amma idan ɗan koyo ya bar ruwa biyu a ƙarshen layin sharaɗi, ko ya buɗe baka bai rufe ba, manhajar ba za ta ko fara aiki ba. Na'ura za ta rubuto SyntaxError, ta kuma faɗi lambar layin. Wani lokaci laifin yana layin da ke sama da wanda ta nuna, don haka a riƙa duba su biyun.

Akwai kuma kuskuren da ba ya bayyana sai aiki ya yi nisa. Rubutu daidai yake, amma an umarci na'ura da abin da ba zai yiwu ba, kamar raba lamba da sifili. Wanda ya fi kama 'yan koyo shi ne na ƙirga: Python daga sifili yake fara ƙirga, saboda haka jerin abubuwa 5 yana ƙarewa ne a lamba ta 4. Wanda ya nemi abu mai lamba 5 zai ga manhaja ta tsaya cak, ta zubo jawabi mai tsawo. Yawancin ɗalibai da sun ga wannan jawabi sai gabansu ya faɗi, su koma suna taɓa nan suna taɓa can. Alhali kuwa amsar tana ciki. Daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ya faɗi irin kuskuren, na samansa su nuna inda ya auku.

Duk waɗannan da sauƙi, tun da na'ura ta yi ƙorafi. Kuskuren da ya kamata a ji tsoro shi ne na ma'ana, wanda ba ta cewa uffan a kansa. Mai koyon Hausa ya san irinsa: jimlar “baki sun iso” ba ta da wata alamar matsala a ido, amma lanƙwasa guda ta ɓace, baƙi sun koma baki. Haka abin yake a manhaja. A ce ana son matsakaicin makin ɗalibi a jarrabawa uku, aka rubuta:

matsakaici = a + b + c / 3

Idan makin 60 ne da 70 da 80, amsar da ake jira 70 ce. Na'ura kuwa za ta ba da wajen 156.67, domin rabawa take fara yi kafin tarawa. 80 kaɗai ta raba gida uku. Maganin shi ne a sa a + b + c cikin baka biyu. Da lambobin sun zo ta yadda amsar ba ta yi muni haka ba, da sai a yi wata guda ana raba wa ɗalibai makin ƙarya ba wanda ya lura.

Wani misali: duk abin da mutum ya buga wa umarnin input, Python rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba. Idan aka buga 2, aka buga 3, aka ce a haɗa, sai ya jera su ya ba da 23. Kama da wane ba ta wane. Dole a fara mai da su lamba da umarnin int.

To, yaya ake farautar kuskuren da ba ya kuka? Da farko a gwada manhaja da lambobin da aka riga aka san amsarsu, an lissafa da biro da takarda. Idan amsa ta saɓa, sai a dasa umarnin print a tsakiyar manhaja don a ga abin da na'ura ke riƙe da shi a daidai wurin. In daidai yake, laifin yana rabin ƙasa. In ba daidai ba, yana rabin sama. A sake raba wannan rabin biyu, har a ritsa shi a layi ɗaya. A ganina, babbar ƙa'ida ita ce a canza abu ɗaya tak, a gwada, sannan a taɓa wani. Mai canza wuri uku a tashi ɗaya, ko manhajar ta gyaru, bai san abin da ya gyara ta ba. Wasu ma sukan ajiye 'yar agwagwar roba a kan tebur su riƙa yi mata bayanin manhajar layi-layi. Abin kamar wasa, amma sau da yawa kafin su kai ƙarshe bakinsu ya faɗi abin da idonsu ya tsallake.

Kada a ɗauka kuskuren ma'ana na 'yan koyo ne kawai. A ranar 23 ga Satumba 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter. Wata manhaja tana ba da ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar lambobin da ma'aunin niyuton. Kowace tana aiki ba tare da ƙorafi ba, har tsawon watanni tara na tafiya. Kumbon da aka tsara zai ratsa kimanin kilomita 226 sama da duniyar Mars sai ya sauko zuwa wajen kilomita 57, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.